Jan Ruwan Dakta Gwadabe

Wata huɗu kacal Gwadabe ya yi yana buɗe get a wani asibiti a birnin Kano, yau shekara goma sha bakwai ke nan, amma har yanzu bai gama dawowa daga asibitin nan ba. Ko atishawa mutum ya yi a majalisa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata, irin wannan mun sha gani lokacin da muke asibiti." Sana'arsa ta gaskiya dillancin awaki ce a kasuwar Rano da ta Kibiya, amma in ka kira shi dillali ba zai waiwayo ba. Mutanen unguwa, da yake su ma ba a bar su a baya ba wajen tsiya, suka laƙaba masa Dakta, shi kuwa ya karɓa da hannu biyu.

Cikin 'ya'yansa babu wadda yake ji da ita kamar Zulaiha, ta ukunsu, 'yar shekara goma sha biyar. Ita ce Malam Dalhatu na Islamiyya ya zaɓa ta buɗe taron walimar sauka da karatu, a tsaye, gaban iyaye da baƙi daga Rano da Rurum har Kibiya da Kahu. Tun ranar da aka faɗa mata take bitar karatun, tana shara tana yi, tana wanke-wanke tana yi. Saura mako shida taro, ana cikin gwaji, ta ga duhu ya rufe mata ido, ta sulale ƙasa. Bayan kwana uku ta sake.

Malam Dalhatu ya kira Gwadabe gefe ya ce, "Malam Gwadabe, yarinyar nan tana da murya, tana da hadda. Amma ba zan tsayar da ita gaban jama'a ta zube ba. In ba za ta iya tsayuwar minti ashirin ba, wata ce za ta karanta."

Washegari Gwadabe da matarsa Barira suka kai ta asibitin unguwa. Malama Salma, ma'aikaciyar jinya, ta ja fatar idon Zulaiha ta duba, ta ɗebi jini aka gwada, ta dawo da takarda.

"Ƙarancin jini ne," in ji ta. "Yana yawan samun 'yan mata masu irin shekarunta."

"Na faɗa!" in ji Gwadabe, wanda jiya-jiyan nan ya rantse wa Barira cewa shawara ce.

Malama Salma ta ba su ƙwayoyi ƙanana kamar ƙwayar dawa, ta ce ɗaya kullum ba fashi. Ta ce a dage da wake da zogale da alayyahu, da hanta in an samu hali. Sannan ta nuna musu hoto a wayarta, wani abu mai kama da dankali, an yanka shi, cikinsa ja wur. "Wannan bitirut sunansa, daga Jos ake kawo shi. In an samu ɗaya ko biyu a riƙa matsa mata ruwan, yana ɗan taimakawa. Amma ƙwayar nan ita ce maganin."

Gwadabe ya dubi ƙwayar a tafin hannunsa, ya dubi hoton. Ƙwayar ba ta burge shi ba ko kaɗan. Hoton kuwa ya bi shi har gida.

Da la'asar ya isa majalisa, gindin darbejiyar da ke gaban shagon Ramalan mai injin markaɗe, ya zauna ya harɗe ƙafa.

"Ilimin mai sauƙi ne," in ji shi. "Jini wane launi ne?"

"Ja," in ji Baffa Sagiru, tsohon telan unguwa.

"Wannan abu da nake gaya muku wane launi ne?"

"Ka ce ja."

"To me ya rage?"

Ramalan ya ce, "Dakta, ai zoɓo ma ja ne."

"Zoɓo ruwa ne ya yi kwalliya. Wannan daga cikin ƙasa yake fitowa da jininsa."

"Manja fa?" in ji Baffa Sagiru.

"Manja mai ne, gwiwa yake tafiya. Ku bar abin da ba ku karanta ba." Ya miƙe tsaye ya daki ƙirji. "Ku shaida. Kafin ranar walima, ba Zulaiha kaɗai ba, duk 'yan matan da za su yi sauka, daga nan har Kahu, sai na cika su da jinin da sauro zai riƙa bin layi."

Bayan kwana huɗu ɗan acaɓa ya sauke buhu a ƙofar gidansa, saƙo daga wani direban kayan gwari. Barira ta fito ta riƙe haɓa.

"Malam, ɗaya ko biyu fa aka ce. Buhu?"

"Barira, da ke likita ce ai da ba ki auri likita ba. Miƙo turmi."

"Turmina? Wallahi ko taɓaryata ba za ta ga wannan abu ba."

Haka ya kwana yana tunani, ya tashi da dabara. Ya fere rabin buhu, hannayensa suka koma kamar na mahauci ranar Sallah, ya cika bokiti biyu ya nufi injin Ramalan da sassafe.

To, injin markaɗe yana da ƙa'idarsa, kuma ko yarinyar da aka fara aike jiya ta san ta. Farare ake fara yi, wake da gero da shinkafar masa da waken suya. Jajaye, wato tattasai da tumatir da attaruhu, su ne na ƙarshe. Gwadabe ya tarar da robobi sun yi layi har bakin hanya, ya tsallake su duka ya dire bokitansa a gaba.

"Dakta, jan abu ƙarshe ne," in ji Ramalan.

"Imajansi ne. A asibiti imajansi ba ya bin layi."

"Nan ba asibiti ba ne."

"Daga yau reshe ne. Kofin farko naka ne, kai da kullum kake kukan ciwon baya."

Ramalan ya sosa ƙeya, ya ja igiyar inji. Injin ya yi tari, ya yi gurnani, ya fara aman wani abu mai kauri da ya sa matan da ke layi suka ja da baya suna salati. Da aka gama, Ramalan ya ɗauraye injin yadda ya saba, wato da ruwa kofi ɗaya da fatan alheri, ya zuba waken Iya Rakiya mai ƙosai.

Kafin ƙarfe tara unguwa ta canza launi. Ƙosai ya fito ruwan hoda. Koko ya fito ruwan hoda. Awara haka, masar sunan gidan Liman haka. Iya Rakiya ta taho da matsami a hannu, zani a ɗamare, ta tarar da Gwadabe a gindin darbejiya yana tace ruwansa da tsohon ɗankwalin Barira.

"Kai Gwadabe! Shekara talatin ina suya a garin nan, ban taɓa ƙosai mai kama da alawar yara ba sai yau!"

"Iya, godiya ya kamata ki yi. Ƙarin jini na saka miki kyauta."

"Wa ya ce maka jinina ya ragu? Matso in gwada naka!"

Ya zagaya bayan darbejiya, ta bi shi, suka yi zagaye uku kafin numfashinta ya ƙare ta tsaya tana haki tana yi masa Allah ya isa.

Da yamma ya shimfiɗa tabarma, ya jera kofuna, yana jiran iyaye su turo 'yan matansu. Ko ɗaya ba ta zo ba. Iyaye mata sun ce sai sun ga abin da ya yi wa wasu tukun. Da ya ga bokiti biyu na neman yin kwantai, sai ya juya kan 'yan majalisa.

"Ni dai na san lokacin da muke asibiti, namijin da ya kasa shan kofi uku a gadon yara muke kwantar da shi."

Magana ta taɓa maza. Baffa Sagiru ya kurɓa ya yamutse fuska ya ce, "Wannan ai ƙasa ce bayan an yi ruwa." Amma ya shanye huɗu. Ramalan ya sha biyar saboda baya. Liman ya sha biyu don kada a ce ya ƙi. Gwadabe da kansa ya sha bakwai, yana gyatsa yana cewa tun yanzu yana jin jini na hawa masa har kunne.

Da asuba ya ɗauki buta ya zagaya. Ya duba, ya sake dubawa, ya kunna fitilar wayarsa ya duba na uku. Fitsarin ja ne wur. Butar ta suɓuce daga hannunsa. Shi ke nan, ya ce a ransa, wani abu ya fashe a ciki, kuma ba wanda zai gaya wa, don likita ba ya cewa ya ji tsoro.

A masallaci aka yi sallama, amma ba wanda ya motsa. Kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi da ƙarfin da ba a saba gani ba. Kowa yana zaton shi kaɗai ne. Can sai Baffa Sagiru ya miƙe ya fuskanci jama'a.

"Jama'a, rai ba a bakin komai yake ba. Ku yafe ni. Duk wanda na taɓa ɗinka wa riga a unguwar nan, akwai ragowar yadinsa a ƙarƙashin gadona."

Ramalan ya fashe da kuka ya ce, "Ni ma a yafe ni. Kowane markaɗe ina rage ludayi ɗaya. Shekara tara ke nan ba a jiƙa wake a gidana ba."

Wani daga sahun baya ya ce shi ne ya matsar da gambar iyakar gonar maƙwabcinsa taku biyu. Wani ya ce zakaran da ya ɓata bara, kada a ƙara zargin muzuru. Gwadabe ma zuciyarsa ta karye. Ya buɗe baki zai ce get kawai yake buɗewa a asibitin nan, sai Allah ya rufa masa asiri tari ya sarƙe shi.

Da gari ya waye kowa ya sulale ta hanyarsa daban, wani ta bayan makaranta, wani ta cikin gonaki, suka haɗu kaf a kan bencin asibitin unguwa. Mutum goma sha ɗaya, kowa yana kallon silin. Malama Salma ta saurari na farko, ta saurari na biyu, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

"Wa ya sha ruwan bitirut jiya?"

Hannaye goma sha ɗaya suka tashi a hankali.

Ta rufe baki da gefen hijabi har sai da dariyar ta wuce. "Ba jini ba ne. Launin abin ne yake fita. Zuwa gobe zai washe. Ku tafi gida ku sha ruwa."

Kafin ta rufe baki Gwadabe ya warke. Ya miƙe ya gyara hula. "Abin da nake shirin gaya musu ke nan. Tanki ne ya cika ya fara tumbatsa."

"Malam Gwadabe, kai fa na tarar a nan tun kafin mu buɗe."

"Sabo ne. Mu ma'aikata ba ma makara."

Baffa Sagiru ya watsa masa wani kallo. Kafin azahar mata sun cika ƙofar gidan tela kowa tana neman ragowar yadin mijinta. Matan da ke kai markaɗe suka fara tsayawa a kan Ramalan suna ƙirga motsin ludayinsa. Ramalan ya ɗauko gawayi ya rubuta a bangon shagonsa cewa ba a markaɗa wa Gwadabe ko da ruwa ne.

A cikin gida kuwa abubuwa suna tafiya ba hayaniya. Kullum da safe Barira ta miƙa wa Zulaiha ƙwaya ɗaya da kofin ruwa. Da rana wake, da yamma kwaɗon zogale, ranar kasuwa 'yar hanta. Gwadabe ya ce a ci gaba da ba ta ƙwayar don kada ran Malama Salma ya ɓaci, amma shi ya san rabin kofin jan ruwan da Zulaiha take sha tana toshe hanci shi ne ke aiki. Da la'asar takan tsaya a tsakar gida ta yi karatu, shi yana riƙe da agogo. Makon farko minti bakwai ta nemi bango. Mako na uku ta kai sha biyu. Mako na biyar ta kai sha takwas, leɓenta ya fara yin launi, ta fara yi wa ƙannenta tsawa kamar da.

Ran nan ta gama, ta zauna kusa da shi tana wasa da bakin tabarma.

"Baba, in roƙe ka wani abu?"

"Faɗi, ko mene ne."

"Ranar walima ka zo kai kaɗai."

"Da wa zan zo da?"

"Ina nufin ba da bokiti ba."

Maganar ta soke shi, don bai taɓa zaton 'yarsa tana jin kunyarsa ba. Ya ce, "Na yi miki alkawari. Ba bokiti."

Kuma da niyyar cikawa ya faɗa. Amma rabin buhu yana ɗaki yana yaushi, kuma duk inda ya gifta yara na cewa tanki ya cika. Ya zauna ya yi bincike a kan dalilin da ya sa aikinsa bai karɓu ba, har ya gano. Ɗanye ya ba su. Wane magani ne ake sha ranar da aka haɗa shi? Tun kaka da kakanni magani sai ya tsimu. Tsimin da ya kwana bakwai ai ba ɗaya yake da na jiya ba.

Ya ɗora ragowar buhun a babur ya tafi Rurum, inda yake zaton labari bai kai ba. Mai injin can yana hango shi ya ce, "A'a, Dakta mai tanki! Ka jira a gama na kowa, kuma kai za ka wanke injin da hannunka." Ya jira har la'asar, ya wanke inji, ya dawo da jarka biyu rawaya. Ya zuba sukari mai yawa saboda masu cewa ɗanɗanon ƙasa, ya ƙara citta da kanumfari, ya sa leda ya murɗe murafan iya ƙarfinsa, ya hau tsani ya jera su a kan rufin kwano inda rana ta fi duka. Jarka dai ba bokiti ba ce, wannan ya bincika da zuciyarsa ta ce masa haka ne.

Kwana na uku Barira tana shanya ta tsaya ta kasa kunne.

"Malam, jarkokin nan magana suke."

"Aiki suke."

"Sun kumbura fa kamar akuya mai cikin tagwaye."

"Barira, akuya fannina ne, magani ma fannina ne. Wanne ne naki a ciki?"

Ranar walima aka kafa rumfuna a filin makaranta. 'Yan mata arba'in da biyu suka zauna sahu-sahu cikin fararen hijabai, an wanke an sa bula an goge. Na Zulaiha sau biyu Barira ta bi shi da dutsen guga. Malamai da manyan baƙi suna kan kujerun gaba cikin fararen manyan riguna, Malam Dalhatu a tsakiya da rawaninsa sabo fil. Gwadabe bai ko karya ba saboda ɗoki. Ya ɗaure jarkokin a bayan babur ɗin ɗan acaɓa, suka bi hanyar da ta fi kowace ramuka, jarkoki na tsalle suna huci har bakin rumfa.

Ya shigo da ɗaya a kowane hannu, ya dire su tsakanin sahun 'yan mata da kujerun malamai. Zulaiha ta hango shi, ta runtse ido.

"Malam Gwadabe, mene ne wannan?" in ji Malam Dalhatu.

"Gudummawa ce, Allah gafarta Malam. Minti ɗaya kawai." Kafin a tare shi ya zare makirfo daga hannun mai gabatarwa. "Assalamu alaikum, jama'ar Rano da Kibiya. An yi mini dariya, na yafe. Wancan ɗanye ne. Wannan kwanansa biyar yana tsimuwa. Kowace yarinya kofi ɗaya, in ta tashi karatu sai an riƙe ta!"

"Kada ka buɗe!" Muryar Barira ce daga rumfar mata.

Ya murɗa.

Murfin ya tashi sama, ba a sake ganinsa ba har yau. Jar kumfa ta biyo baya, ta daki rufin rumfa ta dawo kamar ruwan sama. Gwadabe ya sa tafin hannu ya toshe bakin jarkar, abin da ya sa ruwan ya daina tafiya sama ya koma tafiya gefe. Ya juya ta don ya kare malamai, ta wanke 'yan mata. Ya juya ta don ya kare 'yan mata, ta wanke malamai. Ya rungume ta, ta wanke shi.

"Jini! Jini!" in ji wata mata, aka fara guje-guje, kujeru na kifewa.

"Ba jini ba ne, tankin Gwadabe ne!" in ji Ramalan daga ƙarƙashin tebur.

Da kumfar ta lafa aka tsaya ana kallon juna. Wani tsami ya cika rumfar. Wani malami baƙo daga Kibiya ya ɗaga hannun rigarsa yana ɗiga ya ce, "In jini ne, najasa ce, sai kowa ya sake tufafi."

Na kusa da shi ya shinshina gemunsa ya ce, "Jini ba ya wannan ƙamshi. Abin tambaya shi ne, ya kai matsayin giya ko bai kai ba?"

"Subhanallahi! Giya a walimar Alƙur'ani?"

"Magani ne!" in ji Gwadabe. "Ƙarfinsa ne kuka gani. Lokacin da muke asibiti..."

Jarka ta biyu, wadda ba wanda ya taɓa, ta gaji da jira ta fashe da kanta. Iya Rakiya da ta matso don ta ga ƙwaf ita ta kwashi kaso mafi tsoka. 'Yan agaji biyu suka kama Gwadabe ta hammata suka yi waje da shi, ƙafafunsa na jan ƙasa.

A nan ne ya waiwaya ya ga Zulaiha. Tana zaune inda take, ja tun daga ka har ƙafa, hijabin nan da aka goge sau biyu ya manne mata a kafaɗa. Ba ta kuka da sauti, kuma ba ta dube shi ba. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ya ji da ma shi ne ya fashe ba jarkar ba.

Malam Dalhatu ya goge tabarau da gefen rawani, abin da ya ƙara musu ja, ya karɓi makirfo. "Jama'a a zauna. Wannan ba jini ba ne, kuma ba wanda ya sha balle a yi maganar maye. Wautar Gwadabe ce, ita kuwa ba ta karya alwala." Aka yi 'yar dariya, aka fara tada kujeru. Ya dubi sahun 'yan mata ya sassauta murya. "Zulaiha ta sha wahala yau. A kira Sadiƙa ta buɗe mana."

Zulaiha ta miƙe.

"Malam, zan karanta."

"A haka?"

"A haka."

Ya miƙa mata makirfo. Ta taka zuwa gaba, takalminta na ƙara saboda danƙon sukari, ta tsaya ta yi isti'aza.

Gwadabe ya fizge daga hannun 'yan agaji. Suka bi shi, Malam Dalhatu ya ɗaga musu hannu su bari. Ya je ya tsaya a bayan 'yarsa taku biyu, ya ware hannuwa kamar mai tare akuya a lungu, ya kafa wa dugaduganta ido. In za ta faɗi, to a kansa za ta faɗi. Mutane suka fara dariya, amma muryar yarinyar ta fito ta rufe dariyar. Sannu a hankali rumfar ta yi tsit, ba ka jin komai sai karatu da ɗigar jan ruwa daga rufi.

Minti biyar, tana tsaye. Minti goma. Ƙudaje suka gano Gwadabe suka yi masa rawani, bai kore su ba, don kada ya sauke hannu. Rana ta dake shi, cikinsa ba komai, tsamin rigarsa na hawa masa ka. A minti na sha biyar ta ɗan gyara tsayuwa, ya yi wuf ya matso taku ɗaya. Ta ci gaba. Bai taɓa yin shiru mai tsawon wannan ba tun da aka haife shi.

Ta kai aya ta ƙarshe, ta ja ta yadda Malam ya koya mata, ta rufe. Kabbara ta tashi daga rumfar maza, guɗa ta tashi daga ta mata, Barira na share ido da bakin mayafi. Zulaiha tana nan tsaye ƙyam.

Sai aka ji tim a bayanta.

Da ya buɗe ido ya ga fuskoki jajaye sun kewaye shi, Ramalan na yayyafa masa ruwa, Baffa Sagiru na cewa a ɗaga masa ƙafa, Iya Rakiya na cewa a bar shi tukun ya ɗan ji. Zulaiha na durƙushe a kansa tana yi masa fifita da takardar shaidarta.

Ya kama hannunta. "Ta faɗi?"

"Wa, Baba?"

"Ke. Kin faɗi?"

"Ban faɗi ba. Kai ne ka faɗi."

Ya lumshe ido, hawaye suka gangaro suka yi masa layi biyu a cikin jan da ke kumatunsa.

"Madalla," in ji shi. "Dama haka na tsara."

Zulaiha ta yi dariya tana kuka, ta ci gaba da yi masa fifita.